Raƙumi a Titin Jirgi

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba aka ɗauko ni daga Sakkwato aka dawo da ni Gusau, aka ce aikina yana ƙaramin filin saukar jirage da ke gefen gari. Da na gaya wa mahaifiyata sai ta tambaye ni ko ni zan riƙa tuƙa jirgin. Na ce mata a'a, babur aka ba ni. Ta ce to alhamdulillahi, wannan ya fi kusa da ƙasa.

Filin ba wani babba ba ne. Titi ɗaya ne miƙaƙƙe, sai ɗaki mai faffaɗar taga, sai darbejiya da muke shimfiɗa tabarma a gindinta. Babu katanga. Sai a yi kwanaki jirgi bai zo ba, don haka mutanen ƙauye suka mayar da tsakiyar titin hanyarsu ta shiga kasuwa. Aikina shi ne in an ce jirgi na tafe, in hau babur in bi titin daga wannan kai zuwa wancan, in kore awaki, in tsince duwatsu, in tsayar da masu wucewa, sannan in sanar ta oba-oba, wato rediyon hannu, cewa hanya ta yi fes.

Wanda nake sanar wa wani dattijo ne mutumin Bunguɗu, muna ce masa Baba. Shi ke magana da matuƙa jirgi. A teburinsa akwai abin magana guda biyu masu kama da juna, ɗaya na jirgi, ɗaya na oba-obata. Mutum ne mai raha da son hira, ga faɗa kamar ya ari baki, amma faɗan ba ya kai zuci. A ƙa'ida da Turanci ake magana da jirgi, kuma ya iya. Sai dai akwai wani matuƙi ɗan Tsafe da ke yawan kawo 'yan kwangila cikin ƙaramin jirgi mai farfela, shi kam da ya shigo sararin Gusau sai Turanci ya tafi hutu. Su gaisa, su tambayi iyali, Baba ya tambaye shi ko ya hango an yi ruwa wajen Kwatarkwashi.

Ranar da abin ya faru da kaka ne, da hantsi, an fara kawo sabon gero kasuwa. Baba ya ce ɗan Tsafe na tafe, na hau babur. Ina kaiwa tsakiyar titi na tarar da wani manomi daga Karakkai da raƙuminsa ɗauke da buhunan gero. Raƙumin ya zo daidai tsakiya ya gurfana, yana tuƙa abinsa hankali kwance.

Na ce, "Malam, jirgi zai sauka yanzu, a taimaka a tashe shi."

Ya ce, "Wallahi tun ɗazu nika lallashi nai. Wanga in ya yi zuciya sai ya ga dama."

Na kira Baba na gaya masa. Ina ji ya ce in yi sauri, ya riga ya ce wa jirgi ya dakata ya yi ta zagaye. Na ɗaga kai, ga shi kuwa yana kewaya gari kamar shirwa. Ni kuma ban sauka daga babur ba, don ina tsoron cizon raƙumi. Ina ta danna ham ina murza mai, wai ƙara za ta tashe shi. Ko kallona bai yi ba.

Baba yana hango ni ta taga, haushi ya kama shi. Ya fizgi abin magana ya daka tsawa: "Sauka mana! Mi kaka jira? Sauka!" Nufinsa in sauka daga babur in kama akala. Ni ban ji komai ba, domin na jirgi ya ɗauka. Ɗan Tsafe da ya gaji da zagaye ya ji muryar da ya sani tana ce masa ya sauka, ya amsa da "To, ga ni nan tafe." Kafin nan Baba ya ajiye abin maganar ya leƙa taga yana ɗaga mini hannu, bai ji amsar ba.

Manomin ne ya fara gani. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, wancan ba mu ya nufo ba?" Na waiga. Jirgi ya daidaita da titi, yana ƙara girma. Ban san lokacin da na yar da babur ba. Na cire rigata ina kaɗawa ina ihu, kamar mai jirgi zai ji ni. Manomi ya riƙe akala yana salati, ya ƙi barin raƙuminsa.

Allah ya sa matuƙin idonsa na kan titi. Ya hango mu, ya ƙara wuta, jirgin ya ɗaga hanci ya wuce ta samanmu da ƙarar da na ji har cikin haƙorana. Abin da ham ɗina ya kasa, wannan ƙara ta yi. Raƙumi ya miƙe zumbur ya zabura cikin karan dawa, buhu ɗaya ya faɗo kan titi ya fashe, manomin na biye da raƙumin yana kira. Na tsaya ba riga, sai kuma na ji ina dariya ni kaɗai.

Sai da na share geron gefe na sanar, sannan jirgi ya sauka lafiya. Matuƙin ya fito fuska a murtuke ya nufi ɗakin Baba.

"Baba, kai ka ce in sauka."

"Ni? Yaushe? Da wancan mai tsoron raƙumi nike!"

Suka juya suka kalli abin magana biyu a kan tebur. Baba ya cire hula ya zauna, ya ce innalillahi. Matuƙin ya dube shi, ya dube ni da riga a hannu, ya yi ƙoƙarin riƙe fushinsa, ya kasa. Muka yi dariya har da hawaye, amma kowa ya san abin da Allah ya kare.

A gindin darbejiya muka zauna muka gyara aikinmu. Matuƙin ya ce daga yau gaisuwa sai an sauka. Duk maganar da za a yi, a fara kiran sunan wanda ake nufi, jirgi ko babur. Wanda aka ba umarni ya maimaita shi, mai bayarwa kuma kada ya motsa sai ya ji an maimaita daidai. Baba ya yago jan ƙyalle ya ɗaure a jikin abin maganar jirgi. Ya sha wuya a makonnin farko, don sai ka ga bakinsa na motsi yana son tambayar labarin ruwa, ya haɗiye.

Ni kuma aka tura ni ƙauyuka in roƙi masu gari a riƙa zagayawa ta bayan fili. Na je Bunguɗu, na je Rawayya, na je Karakkai. Ko'ina labari ya riga ni isa, har an ƙara masa gishiri, wai tayar jirgi ta shafi tozon raƙumi. Ban taɓa shan fura irin ta wannan yawon ba. A Karakkai manomin nan ya sauke ni a gidansa, ya tara maƙwabta ya ce in faɗa musu da bakina cewa bai gudu ba. Na shaida masa, don gaskiya ce.

Daga baya matuƙin ya gayyace mu sunan ɗiyarsa a Tsafe, na goya Baba a babur muka tafi. Mahaifiyarsa, tsohuwa mai kaifin baki, ta sa na ba ta labarin tun daga farko. Da na gama ta juya ga ɗanta ta tambaye shi ko ya je ya ba mai raƙumi haƙuri kan geronsa da ya zube. Ya ce Inna, ai shi ya shigo titin jirgi. Ta ce ba ta tambaye shi titin wa ba ne. Ta shiga ɗaka ta ƙullo daddawa da ƙuli-ƙuli cikin leda ta miƙo mini, ta ce in kai Karakkai in ce daga uwar mai jirgi. Ranar Juma'a na kai.