Ƙashin Jaki a Wuyana

Har yau in na ga ƙashin jaki yashe a bakin hanya, sai wuyana ya ɗau ƙaiƙayi. A lakwal, makarantar bokonmu ta Tajaye, shi ake rataya wa duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa maimakon Faransanci. Sambol ake ce masa. Da shi za ka koma gida, da shi za ka kwana.

Ran da ya faɗo kaina, kaka ta gabato, gero ya fara nuna. Na tarar da kawuna, ƙanen inna, ya zo hutu daga Faransa. Dariya ake masa a gari: an tura shi karatu, maimakon likita sai ya ɓuge da bin tsofaffin masunta da rikoda, yana kwasar wani harshe, wai Biratanci, dangin na mutanen ƙasar Ailan. Ya cika littattafai da kalmomin da jikokin masu su ba sa ji.

Da ya ga abin a ƙirjina, sai ya aje furarsa. Ya ce tsofaffin can ma haka aka yi musu suna yara, sai dai su takalmin katako ake rataya musu. Yanzu tsohuwa na mutuwa, ba mai jin wasiyyarta. Ya tsinke igiyar da hannunsa, ya wurga ƙashin bayan rumbu.

Wallahi ranar na ji ni mutum ce.

Amma baba da ya dawo gona ya ji labari, shi da kansa ya je ya tono shi cikin ciyawa. Ya ƙulla igiyar, ya mayar mini a wuya, a gaban kawu.

"Karatu ya taɓa ka," in ji shi. "Ɗiyata buro za ta shiga, aikin ofis. Hausa ina za ta? Ko rijiya tana ƙare ruwa don an hana yaro guga?"

Kawu bai ƙara kwana gidanmu ba. Can Faransa ya rasu, cikin kaset-kaset ɗinsa.

To, na shiga buron. Haushin ne dai bai bar ni ba, kuma har da kaina nake ji, don ni ma da Faransanci na raini tawa ɗiyar a Yamai. Bara na kai ta Tajaye. Baba ya tsufa, ido ya tafi. Ya riƙe hannunta yana ta sa mata albarka, ita kuwa ta amsa da abin da ta iya.

Ya juyo inda nake. "Mi ta ce?"

Na ji sarai. Ban fassara masa ba.