Kofi Goma Sha Biyu da Tarin Iya

Daga Gwangwan

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka fito, ni da kakata Iya. Shekara biyu ke nan in ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga tulu, sai fitsari ya zubo mata. Alwalarta kan karye tun kafin ta sallame, ta daina zuwa suna da biki. Da ƙyar Baba ya shawo kanta ta je Karaye a duba ta, aka haɗa ta da ni don ni kaɗai ce ba ta jin kunyata.

A-kori-kura muka hau, naira biyu-biyu, mu da buhunan gyaɗa da wani ɗan akuya da ya ci rabin gyalena. Duk ramin da muka faɗa sai Iya ta matse min cinya. Har yau da shaidar yatsunta.

Rogo

Bakwai da kwata muka sauka a tasha. Na sayo mana koko da ƙosai, ta ture kokon.

"Ban sha komai ba tun la'asar ɗin jiya, ja'ira. So kike in jiƙa wa mutane mota?"

Bas ba ta cika ba sai takwas da rabi. A shingen 'yan sanda direba ya sauka gaisuwa, na rantse a wannan zaman da kaza ce da ta ƙyanƙyashe.

Karaye

Goma saura muka isa asibiti, muka yanki kati. Sista, wata doguwar nas mai tabarau, ta yi wa Iya tambayoyi: haihuwa nawa, yaushe yake zubowa, da zafi ko babu. Iya ta amsa wa ƙasa, ni na riƙa fassara wa Sista.

"Mama, wannan gwajin sai mara a cike. Za ki yi tari in ga ko zai fito."

"Wato abin da na zo a raba ni da shi, shi za ki sa ni in yi a gabanki?"

"Shi fa, Mama."

Aka ba mu kofi da bokitin ruwa. Kofi shida ta sha tana hararata kamar ni na haƙa rijiyar. Muka zauna awa ɗaya da rabi. Na je sayen rake, minti uku kacal, na dawo na tarar da ita tana fitowa daga bayi tana gyara ɗankwali.

"Iya, me kika yi?"

"Haba, ya za a yi in shiga wajen baƙuwa da kaya?"

Na so in kwanta a ƙasa in yi birgima. Sista ta ce ƙarfe biyu take tashi, in an wuce sai wani makon, ni kuwa na san Iya ba za ta sake hawa mota ba. Muka koma kan bokiti, wani kofi shidan. Wannan karon na zauna a kan haɓar zaninta. Ta zage ni, ta zagi ranar da aka raɗa min suna, ban motsa ba.

Biyu saura kwata aka shiga. Daga bayan labule na ji wani ɗan tari kamar na mage.

"Mama, tarin gaske. Irin na hayaƙin ɗanyen ice."

Iya ta saki tarin da ya tashi tantabarun rufin asibiti. Aka sa ta tsaya a kan farin ƙyalle ta maimaita, sannan ta ba da fitsari a kwalba don a duba ko da ƙwayar cuta. Sista ta ce ba aljanu ba ne, ba jifa ba, naman da ke riƙe mara ne ya saki saboda haihuwa. Ta koya mata yadda za ta riƙa matse wurin tana saki kullum, ta ce mu dawo bayan wata uku.

Gida

Ana kiran magariba muka shigo Gwangwan. Na gode wa Allah, na gode wa Sista, ɗan akuya kuwa Allah ya isa. Ban gama cire takalmi ba maƙwabciyarmu Gwaggo Hansai ta ja ni gefe, wai wata ƙawarta ce ke tambaya, wace rana ake zuwa asibitin?

Daga ɗaki Iya ta ce, "Hansai, ki gaya wa ƙawar taki ta shirya ranar Litinin, ni zan kai ta."