Malam Sha'aibu da Waya ta Uku

Duk wanda ya saba ratsa Gyadi-Gyadi daga titin Zariya da hantsi ya san shagon Malam Sha'aibu, ko da bai san sunan mai shi ba. Ɗan shago ne tsakanin mai facin taya da mai sayar da garin masara. Za ka tarar da shi kan benci a bakin ƙofa, gilashi a kan hanci, wayoyi zube a gabansa. Yana warware su ɗaya bayan ɗaya, ya bi da yatsa ko akwai inda ta ƙuje, ya sake naɗewa. In ka gaishe shi zai amsa, amma ba zai ɗago ba sai ya kai ƙarshen wayar da ke hannunsa. Ni da na daɗe ina gabatar da taron biki, na sha tsayawa ina jiran ƙarshen wayar nan.

Sana'arsa haɗa sauti. Shi ne mutumin da ke zaune bayan miksa, na'urar daidaita sauti, a can ƙarshen rumfa, wanda ba a waiwayarsa sai abu ya lalace. A watan nan ya ajiye aikin, kuma ba zan bari ya tafi shiru yadda ya so ba.

Cikin kayan kiɗa duka, jitar bes ce 'yar lelensa, wato doguwar jitar nan mai kaurin murya da kake ji a ƙirji kafin ta iso kunne. Akwatuna biyu yake ajiye saboda ita, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Na farko shi ne firi'am, mai ɗaga muryar jitar ya gyara ta, a ƙara mata kauri ko a rage mata dishi. Na biyu akwatin DI, baƙi, fentinsa duk ya koɗe. Shi ke karɓar muryar ya raba ta biyu: ɗaya ta koma amfilifayar da ke bayan makaɗi don ya ji kansa, ɗaya ta bi doguwar waya zuwa miksa ba tare da ta kwaso hayaniya a hanya ba.

A jikin DI ɗin akwai wani ɗan maɓalli, aikinsa kashe ƙugi. Duk wanda ya taɓa zuwa biki ya san ƙugin nan da lasifika ke yi in an jona amfilifaya a soket ɗaya, miksa a wani. Malam Sha'aibu maɓallin yake turawa, ƙugi ya mutu, a wuce wurin. Masu gaggawa kuwa fulogin amfilifaya suke buɗewa su datse waya ta uku, mai kore da rawaya. Ƙugi yakan yi shiru. Sai dai wannan wayar ita ce ke kai ɓatacciyar wuta ƙasa. In babu ita, ranar da amfilifaya ta samu matsala wutar a kan tsirkiyoyin jita za ta zauna, tana jiran hannun makaɗi. Wannan hannun ne Malam Sha'aibu ya yi rayuwarsa yana gadi.

Yana da wata doka da makaɗan Tarauni suka haddace. A bukukuwanmu ana tsayar da kiɗa in an kira La'asar, kowa ya ɗauki buta. Sai a dawo hannu a jiƙe, ƙafa a jiƙe, mutum ya miƙe kai tsaye ya rungumi jita. A wurinsa ba a yi. Sai ka goge hannu, ka sa takalmi mai rufi, sannan ka taɓa bes. Saboda haka suka raɗa masa Malam Sa-Takalmi. Ya san suna faɗa, bai taɓa nuna ya ji ba.

Ranar da dokar ta yi amfani, ina wurin. Wunin biki ne a Darmanawa, a tsakar gida, an kafa rumfa kan siminti. Mai kaɗa bes ɗin Mansur ne, matashi ɗan Hotoro, a lokacin ko aure bai yi ba. Amfilifayarsa ta ƙi tashi tun da rana, sai aka aika a aro wata. Ta iso muna sahun sallah, wanda ya kawo ta ya jona ya tafi. Da aka idar, Mansur ya fito ya tarar wani ya tafi da takalmansa daga ƙofar masallaci. Ya dawo ƙafa ba komai, ya tsaya daidai inda ruwan alwalar mata ya gangaro ya kwanta.

Malam Sha'aibu ya zauna ya ɗaga sautin bes a miksa. Ni dai ƙugi na ji, irin wanda nake ji kullum. Shi kuwa sai na ga ya miƙe tsaye.

"Mansur! Kar ka taɓa!"

Hannun Mansur ya riga ya miƙa wajen jitar da ke jingine. Ya tsaya cak. Malam ya ratso cikin mata yana cewa a gafarce shi, ya zaro testar gwada wuta daga aljihu ya ɗora a kan tsirkiya. Ta kawo ja, alamar akwai wuta. Ya zare fulogin amfilifayar aron ya buɗe a gabanmu, sai ga waya ta uku a datse, an naɗe ta da salatif.

Hajiya Halima, goggon amarya, ta iso tana gyara mayafi. "To Malam, yanzu sai mu zauna jugum? Dangin ango fa suna ƙofa."

"Hajiya, a ɗan yi mini haƙuri," in ji shi. "Gara biki ya yi shiru na ɗan lokaci da ya koma zaman makoki."

Ya ja amfilifayar aron ya kife ta a gefe. Ya jona jitar cikin firi'am, wanda da batir yake aiki, daga nan zuwa DI, daga DI zuwa miksa. Ya juyo da wata ƙaramar lasifika ta fuskanci Mansur don ya riƙa jin kansa. Sannan ya cire takalmansa ya tura masa. Sun yi wa Mansur yawa, ya riƙa jan su kamar yaron da ya sa na babansa ranar sallah. Malam ya ƙarasa bikin da safa a kan busasshiyar tabarma. Mata suka yi rawarsu har Magariba, kuma yawancinsu har yau ba su san abin da aka tsallake ba. Da ana naɗe kaya na tambaye shi yadda ya gane. Ya ce ƙugin soket kwanciya yake yi, wannan kuwa yana da kaifi. Ya koma kan wayoyinsa.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar Malam Sha'aibu kunnensa ne. Shekaru na zama kusa da lasifika sun cinye shi a hankali. Kwanakin baya a wani kamu a Daurawa, Mansur ya leƙo ya ce, "Baba, ba ka ji ƙugin nan ba?" Bai ji ba. Ya tashi ya auna komai, ya tarar ƙugin soket ne kawai, ya tura maɓalli ya mutu. Babu wanda ya ji ciwo. Amma washegari ya je asibiti aka gwada kunnen, da ya dawo ya kira Mansur ya miƙa masa akwatunan biyu.

Na je shagon na yi masa faɗa. Na ce yana da testa, yana da ido, hannunsa bai fara rawa ba, kuma da aikin nan yake ciyar da gida. Ya bari na gama.

"Testa sai ka ɗora ta take magana," in ji shi. "Ranar Darmanawa wa ya ce in ɗora? Kunne ne. Yanzu ƙugin cikin kaina yake dare da rana, ba na bambance nawa da na waya. In na zauna bayan miksa yaro zai ce Baba na nan, ya saki jiki. Ba zan yi gadin ɗan mutane da kurman kunne ba."

Raina ya ɓaci, har yanzu ma bai gama hucewa ba, amma na san gaskiyarsa.

Malam Sha'aibu, kai ne ba a taɓa kiran sunanka a makirfo ba, har ni da makirfon ke hannuna na fi kiran masu manyan riguna. Kai ne ka yarda a yi maka dariyar takalmi da dai ka ɗauki ɗan wani zuwa asibiti. Mai gadin tsirkiya, ka iya aikin, kuma ka iya barinsa lokacin da ya kamata, wanda ya fi wuya. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya sassauta maka ƙugin nan, Ya buɗa maka wata ƙofar abinci.

Ku kuma masu haɗa sauti daga Tarauni har Hotoro, in lasifika ta yi ƙugi ku nemi maɓallin DI, ku bar waya ta uku inda Allah Ya nufa ta zauna. Ku makaɗa, a goge hannu, a sa takalmi. Wanda yake ganin abin ƙarami ne ya tsaya a bakin shagon nan da safe. Mansur yakan bi ta nan zai kai 'yarsa Safiya makaranta, bayan bikin Darmanawa aka haife ta. Takan saki hannun ubanta ta ruga ta durƙusa gaban benci, ta ɗaga murya sosai yadda aka koya mata, ta ce, "Baba, ina kwana!" Ita kaɗai ce Malam Sha'aibu yake ɗagowa ya duba tun bai kai ƙarshen waya ba.