Kanumfarin da Na Cusa wa Malam

Ni haifaffiyar Maradun ce, aure ya kai ni Bakura. A lokacin da wannan abu ya faru sana'ata haɗa turaren wuta da humra, kuma ina ji da hancina ƙwarai. Ko miya aka ɗora a maƙwabta zan faɗa miki daddawar ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Maigidana malami ne, magidanta yake karantarwa a zaure, gwiwa da gwiwa.

Ni na fara jin wani zarni a bakinsa, kamar na fitsari. Kunya ta hana ni faɗa masa. Sai na riƙa zuba masa kanumfari a aljihu, ina cewa yana gyara murya. Wata da watanni muna haka har ƙafafunsa suka kumbura, aka ce ƙoda ce, sai wanki sau biyu a mako. Mukan shiga mota a Talata Mafara mu tafi babban asibiti, a haɗa shi da inji yana wanke masa jini.

Akwai wata likita, yarinya mai fara'a, da ta zo da wata na'ura da suke gwadawa. Majinyaci zai hura iska a cikinta kafin wanki da bayansa, ita kuma ta nuna ko dattin da ke fita a numfashi ya ragu. Ta ja mana kunne cewa kada ya tauna komai mai ƙamshi kafin ya zo. Na ce to, amma a raina na ce Allah ya kiyaye mijina, malami guda, ya hura wa 'yar mutane zarni a fuska, ga matarsa mai turare. Muna sauka daga mota sai in miƙa masa kanumfari uku, in shafa masa humra a gemu. Shi kuwa bawan Allah ya ɗauka duk cikin kulawa ne.

Sau biyu ana gwaji, likita tana juya takarda tana ɓata fuska. Ta ce jini yana faɗin abu ɗaya, numfashi yana faɗin wani, kuma ba za ta yi wasa da shi ba. Idan aka sake samun haka a karo na uku za ta kwantar da shi mako guda a bincika hantarsa. Ga shi kuma a makon ne za a yi walimar saukar ɗiyarmu, wadda shi da kansa ya karantar tun daga baƙi. Na ga idon Malam ya kawo ruwa.

Ranar gwaji na uku na riƙe kanumfarin a hannu har ya jiƙe da gumi, ban ba shi ba. Da likita ta zo na buɗe tafina na faɗa mata komai, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita tun farko tana mamakin yadda mai ciwon ƙoda yake ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ta ce zarnin nan da nake ɓoyewa shi ne abin da suke nema. Malam ya dube ni ya ce ashe shi ya sa muryar tasa ba ta gyaru ba. Ya hura da bakinsa yadda Allah ya yi shi, aka yi wanki, ya sake hurawa, sakamako ya daidaita da na jini. Ranar walima yana zaune a tabarmar gaba, shi ya yi addu'a.

Abin da har yau yake damuna ba na'urar da na ruɗa ba ne, watannin farkon nan ne. Hancina ya gano ciwon kafin kowane likita, ni kuma na bi shi da turare. 'Yan'uwana mata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kun ji baƙon wari a bakin wani naku, ku faɗa, ku kai shi asibiti. Ni yanzu kowace safiya kafin Malam ya fita zaure sai na tare shi a ƙofa na ce ya hura mini. Yana mita yana cewa ya auri na'ura, amma yana hurawa.