Kwamfutar Nababa Mai Mantuwa Bayan Salla

Nababa ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, don haka kada wani ya zo ya ce zai ba ni labarinsa. Tun yana ɗan mitsitsi hannunsa ba ya zama lafiya. Rediyon Babanmu ya fara kwancewa, ya baje kayan cikinta a tabarma kamar mai shanyar kuɓewa. Ranar ya sha duka, ni ma na sha nawa, wai ban kula da shi ba. Amma kafin magariba rediyo ta yi magana, har ta fi da. Daga nan fa aka rasa shi a gona. Gidanmu manoman gero da gyaɗa ne kaka da kakanni, shi kuwa in ya ɗan taɓa noma da safe sai ka waiga ka ga fartanya a yashe.

Daga rediyo ya koma tocila da agogo, daga nan wayar hannu. Yanzu yana da shago a jikin masallacin unguwarmu, a ƙauyenmu da ke kan hanyar Kunci in ka baro Ɗanbatta. Ya ɗora sola a rufin, mutane na kawo wayoyi caji, yana kuma gyara. Abu ɗaya kowa ya san shi da shi bayan gyara, sahun gaba. Tun kafin ladan ya motsa, Nababa ya bar shago a buɗe, ya je gida ya yi alwala, ya shige masallaci yana nafila.

Babbar 'yarsa Aina'u ita ce hasken gidan. Yarinya ce mai kai, wallahi ba don 'yata ce ba. Bara ta je Kano rubuta jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, alhali ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba a rayuwarta. Tana cikin amsa tambayoyi tata ta ɗauke. An canza mata wata, amma jikinta ya riga ya mutu, lokaci kuma ya tafi. Ta faɗi. Ta dawo gida ta daina dariya, abin ya ci min rai ƙwarai.

Bana Nababa ya ce ba za a sake ba. Ya sayar da ragonsa, ya shiga motar Kano, ya dawo da tsohuwar kwamfutar tebur a kan cinya, ya hana a sa ta a but ɗin mota. Kai, ranar unguwa ta cika! Tsofaffi, matan aure ta kan katanga, har mai kifi ya ajiye tire ya leƙo. Da allon ya kawo haske sai aka ɗauki kabbara kamar an ga watan Salla. Ya sa mata tambayoyin gwaji irin na jarrabawa, ya zaunar da Aina'u, ya ɗora hannunta a kan maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur. Cikin 'yan kwanaki yarinya ta kama. Ni da kaina na ji dariyarta daga gidana.

Da hantsi shi ke amfani da ita, ita kuma Aina'u in ta gama aikin gida ta karɓa daga rana zuwa yamma. Don kada batirin sola ya ƙare, ya koya mata in za ta tashi salla ta sa kwamfutar barci. Allo zai yi baƙi, amma in ta dawo ta taɓa maus za ta tarar da aikinta inda ta bar shi. Haka ya gwada mata, haka kuma aka gani.

To, sai ga abin da ya hana mu sakat. Aina'u ta sa ta barci, ta shiga gida ta yi azahar, ta dawo ta taɓa, shiru. Ta danna maɓalli, sai kwamfuta ta taso daga farko kamar yau aka haife ta. Tambayoyin da ta amsa duk sun tafi. Bayan la'asar ma haka. Washegari haka. Shi kuwa Nababa in ya sa ta barci da hantsi ya tashe ta, lafiya ƙalau, ko sau nawa ne.

Mutum ya tuɓe riga ya shiga aiki. Ya buɗe cikinta ya hure datti. Ya zare ram, ƙwaƙwalwar da take riƙe aiki da ita, ya goge ya mayar. Ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo. Ya shiga saiti ya juya yadda take barci, ya sake juyawa. Ya goge komai ya zuba mata sabo. Da duk wannan bai yi ba, ya zargi akwatin da ke raba mata wuta a ciki, ya samo wani ya ɗaura. In ka je shagon sai ka tarar da shi yana magana da ita, yana lallashi, yana zagi. Har Kano ya mayar da ita wurin wani abokin sana'arsa, suka wuni suna kwantar da ita suna tashinta, ko sau ɗaya ba ta manta ba. Ya dawo yana murna, aka yi la'asar, ta sake mantawa da komai.

Kafin ka ce me, magana ta fita. A gidan suna na ji wata tana cewa ai hannun yarinyar ne, ba ga shi a Kano ma ta mutu mata ba? Na ajiye kwanon waina na wanke ta tas, ban bar mata ko kusurwa ba. Amma me faɗana zai yi, tunda maganar ta riga ta shiga zuciyar Aina'u? Uban ya ce ta jira shi bayan salla shi ya fara taɓawa. Ya taɓa, abin bai canza ba. Maimakon hankalinta ya kwanta sai ta ce ai ita ce ta yi aiki da kwamfutar kafin a sa ta barci. Jarrabawa na matsowa, an riga an yi mata rajista, sai ta same shi a shago ta durƙusa.

"Baba, ka daina wahalar da kanka," ta ce. "Lafiyarta ƙalau. Ni ce ba ta so. Ba zan je Kano na sake jin kunya ba."

Ban taɓa ganin fuskar ƙanina ta faɗa irin ranar ba. Ya roƙe ta ta ci gaba da gwaji ko don shi, ta amsa da to, amma kowa ya ga jiki kawai take kawowa.

Allah da ikonsa, kunama ce ta warware mana. Nababa ya je sharar gona da safe ta harbe shi a dunduniya, ƙafa ta kumbura suntum. Mai sahun gaba ya kasa taka ƙasa, aka shimfiɗa masa tabarma a cikin shago. Ni na kai masa fura da magani, ina zaune ina yi masa tsiya, wai manomin da ko kunama ta san baƙo ne. Rana ta yi tsaka, Aina'u ta sa kwamfuta barci ta shiga gida.

Sai ga Malam Yuguda ladan, tsoho tukuf, ya shigo da sallama. Ya yi wa Nababa sannu, ya yi masa addu'a. Sannan ya sunkuya bayan tebur cikin natsuwa, ya zare filogin kwamfuta, ya soka na lasifikar masallaci wanda wayarsa ke shigowa ta taga, ya fita abinsa.

Nababa ya miƙe da ƙafa ɗaya, kwanon fura ya kife. Ya buɗe baki ke nan sai kiran salla ya tashi, dole ya yi shiru ya amsa. Ga baki na amsa kira, ga hannu na nuna soket, ga idanu kamar za su faɗo. Na zaci dafin ne ya hau masa kai. Ana gamawa tsoho ya dawo, ya zare nasa, ya mayar da na kwamfuta daidai inda ya same shi, har da ɗan dannawa don ya zauna sosai.

"Baba Ladan! Kullum haka kake yi?"

Tsoho ya ce ƙwarai kuwa, ai shi Nababan ne ya ba shi izini tun shekarar da ya sa sola. Da akwai rami ɗaya a soket da ba kowa, a nan yake sa nasa. Da aka kawo wannan abu sai ya tarar an cike ramin. Wayoyin mutane amana ce, ga su suna shan wuta, ba zai taɓa ba. Wannan kuwa fuskarta baƙa ƙirin, a kashe take, sai ya ɗan ari wurinta ya mayar kafin kowa ya dawo, don kada ya takura wa kowa.

Nababa yana dariya yana hawaye yana riƙe ƙafa. Ya yi masa bayani cewa barci take yi, ba a kashe take ba. Kamar garwashi ne da aka rufe da toka, in aka tona wuta na nan, amma zare filogin nan daidai yake da sheƙa masa ruwa. Ni kuma bakina bai iya shiru ba, na kwashe labarin Aina'u kaf na faɗa masa, da abin da mata ke cewa, da fasa zuwa Kano. Tsoho ya zauna a kan benci yana kallon hannunsa. Na ji tausayinsa har na yi da-na-sanin saurin bakina.

Aka kira Aina'u aka gaya mata. Ta saurara, ta ce to, amma na san 'yata, ba ta yarda ba. Nababa ya ce ranar kasuwar Ɗanbatta zai sayo ƙarin soket a huta. Malam Yuguda ya ce kasuwa ta yi nisa, yarinya ta zauna ta yi aikinta yanzu.

La'asar ta yi, ta sa ta barci ta shiga gida. Tsoho bai leƙo shago ba. Ya hau dakalin masallaci, ya toshe kunnuwa, ya kira salla da muryarsa tsura, wadda muka yi shekaru ba mu ji ba sai ta lasifika. Murya ta tsufa, tana rawa, tana yankewa, ko bakin rijiya ba ta kai ba. Maza suka fito suna tambayar ko sola ce ta lalace.

Aina'u ta idar ta dawo. Muka tsaya a kanta, ni da ubanta mai ƙafa ɗaya. Ta miƙa hannu ta taɓa maus. Allo ya kawo haske nan take, ga tambayar da ta tsaya a kai, ga amsar da ta zaɓa tana jiran ta. Na saki guɗa a cikin shago, ban damu da masallaci na kusa ba. Ita ko kallona ba ta yi ba, ta goge ido da gefen hijabi, ta ja kujera ta wuce tambaya ta gaba.

Ranar kasuwa Nababa ya sayo soket mai ramuka da yawa, ya ware ɗaya ya ce na masallaci ne har abada. Malam Yuguda ya yi godiya, ya ce a ajiye masa. Bai sake taɓa soket ɗin ba, da muryarsa ya ci gaba da kira, har ranar da motar Kano ta sauke Aina'u da yamma ta ce ta amsa tambayoyinta duka.