Wasiƙar da ta kwana a azara

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, amma sai bana na karanta wasiƙarsa ta ƙarshe.

Mu biyu Inna ta haifa a ƙauyenmu da ke arewa da Dawakin Tofa, inda gona ke haɗe da gona. Ni na riƙe garma, shi ya tafi makarantar kimiyya, daga nan jami'a. Mun zaci likita zai zama, sai ya zaɓi binciken sararin sama.

Ya taɓa yi min bayani muna hutun huɗa a gindin ɗorawa. Ya ce can nesa akwai wasu ramuka masu tsananin nauyi, ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. A bakinsu kuma akwai iska mai zafin da ya sa wutar maƙera ta zama wasa. Ita ce ke fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Wannan haske ba ya ratso iskar duniyarmu, sai tauraron ɗan'adam ya ɗauko, su kuma su zauna su auna. Ramin kansa ba a ganinsa, da abin da ke kewaye da shi ake gane yana nan.

Sai shekarun fari suka zo. Gero ya ƙone yana ƙarami, rumbu ya koma ɗakin ɓera. Habibu ya zo gida da takardunsa, ni kuma zuciyata a kusa take.

"Malam mai kallon sama," na ce masa a gaban mutane, "yaushe za a yi ruwa?"

"Yaya, wannan ba fannina ba ne."

"To meye amfaninka?"

Ya yi murmushi, ya ɗauki fartanya ya shiga kunya. Magana zarar bunu ce. Ya koma jami'a, ya aiko da wasiƙa, kafin kaka ciwo ya ɗauke shi.

Ban iya karatu ba, kuma na hana kowa karanta min wasiƙar. Ina tsoron in ji fushinsa daga bakin wani. Inna kuwa, kamar sauran iyayenmu, ba ta barin rubutu a ƙasa, ko da sunan Allah a ciki. Ta soke ta a azarar ɗakinta. Duk shigata sai na ɗaga kai in tambayi kaina: ya yafe, ko da maganata a ransa ya tafi?

Abin da ya kai ni ajin yaƙi da jahilci ke nan, da furfurata. Shekara uku ina haɗa baƙi da wasali. Da Habibu zai ga yau, yara na kallon hotunan sama a waya, na san zai yi murna. Amma ina jin ganina da fensir a kunne zai fi ba shi dariya.

Ranar da na sauko da wasiƙar, gara ta cinye ƙasanta. Abin da ya rage, na bi da yatsa. Babu faɗa ko kaɗan. Bayanin ramin nan ya sake yi min a hankali, kamar bai yanke ƙauna da cewa zan fahimta ba. Sannan ya ce: "Yaya, ba a ganin sunanka a takarduna, amma geronka na ci na yi su. Mai hankali zai gane kana nan."

Ya taɓa ce min hasken da suke aunawa ya baro gida tun da daɗewa, sai yanzu yake isowa. Habibu bai bar gadon gida ko gona ba. Ya bar haƙuri, da rabin takarda da ta jira har na iya karatu.

Allah Ya haskaka kabarinka, ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma da bakina na karanta.