Abin da Kawu Ke Kira Bulasta

Jiya a Gusau motar kamfen ta wuce ni da lasifika, ana rantsuwa cewa tsaro ya dawo. Sai na tuna Kawu, tsohon malamin Turanci a Tsafe.

Wata rana muna cin soyayyar gyaɗa a ƙofar gida, wani ɗan takara ya cika unguwa da ihu. Kawu ya hure ɓawo daga tafinsa, ya ce, "Ɗiyata, Bature na kiran wannan bulasta: cika baki da hargowa, ba aiki."

Bara 'yan bindiga suka harbe shi a hanyar gona. Har yau hawaye bai zo mini ba.

Allah ya sanyaya makwancinsa, ni kuma ya ba ni ikon yi masa kuka.